Wa Ya Murɗa Wuyan Jitar Pappa?

Masu bibiyata, ku yi haƙuri da ni yau, ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa. Masu turo saƙo suna cewa "Vendela, mun ji ki shiru," to ga ni na zo, sai dai abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne.

Ga sababbin shigowa, ni makaɗiyar bes ce, jitar nan mai kaurin tsarkiya huɗu, wadda ba a lura da mai kaɗa ta sai ranar da ya yi kuskure. Shekarata ashirin da bakwai, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya da kicin a unguwar Majorna ta birnin Göteborg, kuma ni bahaguwa ce. Pappa ma bahago ne. Jitarsa nake kaɗawa tun da ya rasu, wata ja 'yar Amurka da ta girme ni, fentinta duk ya goge a inda hannunsa ke zama.

Jibi Asabar, ƙarfe goma na safe, za a gwada ni a wani gidan wasan kwaikwayo da ke neman mai bes na shekara guda cur. In na samu, na zauna a Göteborg da ƙafata. In ban samu ba, na riga na yi wa Mamma alkawari da bakina cewa zan tattara in koma garinmu Kungälv, in karɓi aikin ofis a kamfanin baban Pontus, saurayin da ke nemana. A wurin Mamma kuwa, komawa Kungälv da auren Pontus duk tafiya ɗaya ce.

To mako uku ke nan jitar ba ta kaɗuwa. Na taɓa yi wa Mamma da Pontus ƙorafi a kan tebur cewa da shigowar sanyi tsarkiyoyin sun ɗan ɗaga, wanda ba wani abu ba ne, duk shekara haka katako yake yi in an kunna abin ɗumama ɗaki. Amma wata Litinin na dawo daga aiki na buɗe akwatin, na tarar wuyan ya lanƙwashe, tsarkiyoyin sun yi sama har ɗan ƙaramin yatsana yana shigewa ƙarƙashinsu. Minti goma in na kaɗa, hannuna ya ƙage. Kada ku ce in ara, na nema har na gaji. Bes ɗin bahago guda ɗaya na samu labarinta a garin nan, mai ita kuma yana can Jamus yawon wasa da abarsa.

Daga nan na shiga yawon neman mai gyara. Shago na farko, saurayin bai ɗago kai daga wayarsa ba ya ce in ajiye, in dawo bayan mako shida. Na biyu ko gama buɗe akwatin bai yi ba ya ce ai wuyan ya mutu, ya kama hanya zai nuna mini sababbi a jikin bango, duk na masu hannun dama. Na uku shi ya fi ba ni tsoro. Ban rufe baki ba ya ɗauko sukundireba yana cewa ai wannan aikin minti biyar ne. Na fizge abata na fito, ko sallama ban yi masa ba.

Duk wuraren nan Pontus ne ya kai ni a motarsa. Ya kan jira a waje, ya kunna mini ɗumin kujera kafin in fito. Ku da kuka daɗe tare da ni kun san shi: dogo, tsaf-tsaf, rigar ulu ruwan bula, mutumin da har wandon jins sai ya goge. Shi ke canza wa Mamma tayoyin mota in sanyi ya shigo, shi ke gyara mata famfo, duk Juma'a da furanninsa. Ban taɓa kama shi da laifi ba. Ba ƙin sa nake yi ba, gajiya da shi nake yi, kuma na rasa yadda zan gaya wa Mamma wannan ta fahimta.

Shi ne ya fara cewa ai wannan ɓarnar Kasper ce, mai gyaran da ya saita mini jitar a watan Satumba. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, ranar da na fito daga shago na uku ina kuka ya sake faɗa. Ina zaune a motar na buɗe shafin Kasper na ba shi tauraro ɗaya, na rubuta cewa duk mai son kayansa kada ya kai masa. Na rubuta har da sunana.

Yau da safe saƙon Pontus ne ya tashe ni, kamar kullum.

"Barka da safiya, zuciyata. Kin sha bitamin ɗinki?"

Bayan minti biyu wani ya shigo: "Kada ki manta yau Alhamis, Gunilla tana jiran mu ƙarfe biyar. Batun jita ki bar mini, komai zai daidaita."

Gunilla ita ce Mamma. Ban amsa ba. Na zura tsohon wandona baƙi da rigar sanyin Pappa mai faci a gwiwar hannu, na ɗaure gashina ko madubi ban duba ba. Mai gangar ƙungiyarmu ya ba ni adireshin wata mai gyara a unguwar Gamlestaden, Aili Koskela. Ya ce ba ta da allo a ƙofa, ba ta da shafi, kuma kada in kuskura in je hannu rabbana. Na sayi burodin kirfa guda huɗu, na saɓa akwatin a baya, na hau taram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, mai lamba goma sha ɗaya. Wannan karon ban gaya wa Pontus ba.

Ɗakin aikinta a ƙarƙashin wani tsohon gini yake, sai ka sauka matakala tara. Ƙamshin katako da gam da kofi ne ya tare ni. Ita kuma gajeriyar dattijuwa ce mai furfura, kitso ɗaya a baya, da gaban-riga na fata da tabarau rataye a wuya. Na ajiye akwatin zan buɗe, ta ɗora hannu a kai.

"Daga cikin sanyi kika fito da ita. Sai ta yi awa ɗaya a rufe. Zauna."

Awa ɗaya, jama'a, ni da nake lissafin mintoci. Na zauna kan wata doguwar kujera, ta zuba kofi, ta cinye burodi biyu. Ta tambaye ni jitar wa ce, na gaya mata. Ta tambayi irin kiɗan da Pappa yake yi, na ce na rawa ne, a filayen shaƙatawa lokacin zafi. Ta gyaɗa kai kawai. Ban san lokacin da kafaɗuna suka sauka ba, rabon da in zauna shiru haka na manta.

Da lokaci ya cika ta ce in buɗe, amma ba ta karɓa ba. Ta jona mini sifika ta ce in kaɗa. Na ce ai ba ta kaɗuwa. Ta ce in kaɗa a hakan, ita hannuna take so ta gani, don ba ta saita jita sai ta san nauyin yatsun mai ita. Na kaɗa, hannuna yana zafi, ita kuma ta sunkuyo tana kallon yatsuna kamar mai duba ƙaya. Sai da na gama ta wanke hannu ta karɓa. A nan na ji a raina cewa na zo inda ya kamata tun mako uku da suka wuce.

Ta ɗaga jitar ta rufe ido ɗaya ta leƙa tsawon wuyan. Ta sa tabarau, ta ɗauko 'yar tocila ta haska wani rami a can saman wuyan, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in matso.

Ta yi mini bayani a hankali. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke riƙe shi a miƙe. A kan sandar akwai noti, ana murɗa shi da ɗan makullin nan mai lanƙwasa, irin wanda ake ɗaura gado da shi. Ba a murɗawa da yawa, rubu'in zagaye ne, a bari ya kwana, a sake dubawa. Notin jitata kuwa bakinsa ya cinye tas, ya koma rami sumul.

"Jitar Amurka awon inci gare ta," ta ce. "Makullan da ke gidajenmu na milimita ne. Yana shiga kamar ya yi daidai, amma da ɗan sako-sako, in aka matsa sai ya cinye notin. Mai gyara ba ya wannan kuskuren. Wannan aikin mutum ne mai akwatin kayan aiki a gida, wanda ya yarda da kansa."

Na ce mata Kasper ne ya taɓa ta a ƙarshe.

Ta cire tabaranta. "Shekara shida Kasper ya yi yana koyon aiki a kan kujerar da kike zaune. Makullan incinsa ni na ba shi. Na kuma karanta abin da kika rubuta, Vendela, tun da kika faɗi sunanki na gane ki."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu, ta ce wannan tsakanina da shi ne, ita jita aka kawo mata. Ta ce abu biyu ne. In notin ne kaɗai ya cinye, za ta huda ta zare shi ta sa sabo, gobe da yamma in zo in ɗauka. In kuma sandar ce ta karye a ciki, ta huda ta ja, to katakon na iya tsagewa, a yi asarar wuyan gaba ɗaya. Wannan sai an ɗaga fuskar wuyan da zafi a hankali, aikin wata guda ne, kuma ba ta yin caca da kayan mamaci.

"Ki nemo wanda ya yi, ki tambayo mini abu biyu. Zagaye nawa ya murɗa, kuma ya ji ƙara ko bai ji ba. Ba faɗa za ki yi ba, gaskiya kawai nake so. Ki kira ni kafin bakwai."

Na bar mata jitar na fito bayana wayam. Mukullin ɗakina guda biyu ne a duniya, ɗaya a aljihuna, ɗaya a jakar Mamma. A cikin bas ɗin Kungälv na goge abin da na rubuta a kan Kasper, na tura masa saƙon ban haƙuri mai tsawo. Ya nuna ya karanta. Bai amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga bakin ƙofa na san yau akwai wani abu. Miyar wake da fanke ce, kamar kowace Alhamis, amma Mamma ta shimfiɗa farin ƙyallen teburin Kirsimeti, ta kunna kyandir huɗu, ta fito da farantan kakata masu bakin zinariya. Ta sa koriyar rigarta ta zuwa biki da 'yan kunnen lu'ulu'u. Pontus kuma har da laktaye a ƙarƙashin rigar ulun. Ni ce kawai na shigo da safa mai huji a babban yatsa.

"Haba Vendela, ko gashinki ba za ki taje ba?" in ji Mamma, tana sumbatar kumatuna. "Kin rame. Pontus, ka ga yadda ta rame?"

Ya ce ya gani, ai damuwar jitar nan ce, amma ta kusa ƙarewa. Suka kalli juna suka yi murmushi. Na bari aka zuba miya, na bari Mamma ta gama labarin gidan maƙwabta da aka sa a kasuwa, mai ɗaki huɗu da lambu, wanda wai ya yi daidai da masu shirin fara iyali. Na ajiye cokali.

"Pontus, zagaye nawa ka murɗa?"

Ya tsaya da kwalbar mustad a hannu. Ya ce bai gane ba.

Na ce masa ba faɗa na zo yi ba, kuma wallahi da gaske nake, ko ƙarfin faɗan ba ni da shi. Na gaya masa abin da Aili ta ce, na ce in ya gaya mini gaskiya yanzu, wataƙila gobe in sami jitata. In ya yi shiru, to Asabar ta wuce ni.

Kunnuwansa suka yi ja. Ya gyara wuƙa, ya gyara cokali mai yatsu. Sai ya fara magana yana kallon faranti. Ya ce ranar da na yi ƙorafi ya ji tausayina, ya kalli bidiyo uku, ya ga abin ba wuya. Ya so in dawo daga aiki in tarar an gyara, in yi murna. Ya ce makullin ya shiga daidai. Da farko ya ƙi motsi, sai ya zura masa ɗan bututu don ya sami ƙarfin murɗawa.

"Zagaye nawa?"

"Biyu. Ko biyu da rabi."

"Ka ji ƙara?"

Ya ce ba zai iya tunawa ba. Ya ce wataƙila kujera ce ta yi ƙara, ai kujerun kicin ɗina duk sun tsufa.

"Ta yi ƙara," in ji Mamma.

Na juya na kalle ta. Tana yanka fanke ƙanana-ƙanana, ba ta ɗago ba.

"Sau biyu. Ta biyun ta fi ƙarfi, har cikin hannuna na ji. Ni na riƙe masa ita a kan tebur."

Ta ce Pontus ya so ya kira ni a take, ita ta hana shi. Ita ta mayar da jitar cikin akwati ta rufe. Na tambaye ta dalili. Ta ce shekara ashirin da biyu ta yi tana zaman jiran Pappa da wannan jitar, duk Juma'a da Asabar, ita da jaririya a gida, shi yana can yana sa matan wasu rawa. Ta ce ba ita ta karya ba, amma da ta karye ba ta yi baƙin ciki ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta yi ba.

Na tashi na fita zaure, na tsaya tsakanin takalma da rigunan sanyi na kira Aili. Na gaya mata: zagaye biyu da rabi, da bututu, ƙara sau biyu. 

"To sandar ta tafi," ta ce. "Zan gyara miki ita, za ta dawo kamar yadda babanki ya bar ta. Amma ba Asabar ba, yarinya. Ki nemi abin da za ki kaɗa."

Na yi godiya na kashe. Ban yi kuka ba, na dai jingina da bango ina kallon hujin safata. Ina zura takalmi Pontus ya fito da mukullin mota a hannu. Ya ce in ba shi minti ɗaya tak, daga nan in na ga dama kada in sake yi masa magana.

Na bi shi waje. Ya buɗe but ɗin mota. Baƙin akwati ne sabo fil a kwance, da jan zare ɗaure a hannunsa. Ya buɗe. Bes ce ta bahago, baƙa, tana sheƙi, mai kyau, irin wadda nake tsayawa kallo a hoto. Ya ce washegarin ranar da abin ya faru ya yi odarta, kwana huɗu ta iso. Shi da Mamma sun shirya ya ba ni yau bayan an ci fanke, tare da wata tambaya da yake so ya yi mini.

Sai a lokacin na tuna, duk yawon shagunan nan da muka yi, a kujerar baya yake sa ni in ajiye jitar Pappa. Kullum sai ya ce but ɗin a cike yake da kaya. Ina fitowa ina kuka, ina zagin bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, sabuwar bes ɗin kuwa tana kwance a but a bayana.

"Ban san yadda zan gaya miki ba," ya ce. "Na ce in na ba ki wannan, zai zo da sauƙi."

Na so in rufe but ɗin in tafi, kuma na san da yawanku haka kuke so in ce na yi. Amma Asabar ƙarfe goma tana nan inda take, kuma duk garin nan babu wata bes da hannuna zai iya kaɗawa sai wannan. In ban ɗauka ba na faɗi tun ban shiga ba, in dawo Kungälv, gidan da suke so. In na ɗauka, da kayansa zan je neman hanyar guje masa. Na tsaya ina ta kallon ta har yatsuna suka sandare da sanyi.

Na kwance jan zaren na miƙa masa, na rufe akwatin na saɓa a baya.

"Aro ne. Ran Lahadi zan dawo maka da ita. Tambayarka kuma ka riƙe abarka."

Ya ce to, duk yadda na ce. Ya ce bari ya kai ni gida, na ce bas zan hau. Da na waiwaya a bakin titi, na hango Mamma a tagar kicin, ta ɗaga labule tana kallon akwatin a bayana, waya a kunnenta, fuskarta a sake.

Kafin bas ta fita daga Kungälv saƙo bakwai suka shigo. Yayar Mamma, 'ya'yanta biyu, matar kawuna, har da babar Pontus, wadda ta turo hoton zobba biyu da zuciya, ta rubuta, "Barka da shigowa cikinmu, 'yata." Jama'a, ban ce e ba, jita kawai na ɗauka. Na rubuta "ba haka ba ne" na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Har yanzu ban ƙaryata ko mutum ɗaya ba, saboda in na yi magana yau, ban san ko jitar za ta kai Asabar a hannuna ba.